Mai Keji da Akun da Ba Shi da Takarda

Duk wanda ya san layin 'yan tsuntsaye a kasuwa ya san Baba Mai Keji. Shagonsa ne na ƙarshe, jikin katangar da ta raba kasuwa da tashar mota. Ɗan ɗaki ne da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki, keji manya da ƙanana a rataye tun daga rufi har bakin ƙofa. Shi bai taɓa sayar da tsuntsu ba, ko ɗaya. Aikinsa waya ne da filaya da katako. A hannun kawunsa ya koya tun gemu bai fito masa ba, ya fi shekara arba'in yana lanƙwasa waya har yatsunsa suka yi kanta, tsinin waya ya daina huda su.

Mutum ne marar yawan magana, amma akwai abu ɗaya da ba a ja da shi a kai. In ka zo ka ce a yi maka ɗan ƙaramin keji, sai ya tambaye ka wane tsuntsu ne.

"Sai ya buɗe fukafukansa a ciki ba su taɓa waya ba," haka yake cewa. "In ba ka yarda ba, ga hanya nan."

Maƙwabtansa na layi sukan yi masa tsiya, su ce Baba ba keji yake yi ba, gidan sama yake ginawa. Shi dai murmushi kawai yake, ya ci gaba da aikinsa.

'Ya'ya uku suka haifa shi da matarsa, ta ƙarshen ce kaɗai ta rayu, kowa Auta yake ce mata. Ta girma, ta yi aure a wani gari mai nisan kwana guda a mota. Bayan auren da shekara biyu uwar Auta ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Daga nan Baba ya saki ɗakuna biyun da suke haya, ya koma ɗaki ɗaya a wani gida mai yawan 'yan haya, inda kowa yake fita da sassafe ya dawo a gajiye. Katifa ɗaya, risho ɗaya, butar shayi, sai ƙusar da yake rataye kejin Baƙo.

Baƙo aku ne, mai ruwan toka da jar wutsiya. Yadda ya zo hannun Baba kuwa, wata ranar Talata ce, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Wani mutum ya shigo a gaggauce, gumi ya jiƙa masa riga, yana riƙe da keji da ƙofarsa ta ɓalle, an ɗaure ta da igiyar takalmi.

"Malam, a gyara min wannan. Motarmu za ta tashi, jibi zan dawo in karɓa."

"Da tsuntsun a ciki?"

"Ba ya da fitina. Gyaɗa kawai yake ci."

Kafin Baba ya tambayi sunansa, mutumin ya shige tasha. Jibi ta zo ta wuce, mako ya wuce, wata ya wuce. Baba ya zagaya tashar ya tambayi direbobi da 'yan kamasho, babu wanda ya san shi. Kullum da yamma sai ya ɗauki kejin ya tafi da shi gida, da safe ya dawo da shi, ko mai shi zai zo. Uwar Auta ce ta sa masa suna. Takan ce, "Malam, wannan baƙon naka fa ya wuce kwana uku tuntuni." Sunan ya bi shi.

Baƙo bai taɓa koyon magana ba. Auta ta yi ta fama da shi tana ƙarama, ko kalma ɗaya bai maimaita ba. Abin da ya iya shi ne kwaikwayon ƙarar abubuwa. Ya iya ƙas ɗin filaya in ta datse waya, ya iya kukan ƙofar shago, ya iya tarin Baba na safe har da gyaran muryar da ke biye da shi. Wani lokaci Baba na zaune bai taɓa komai ba, maƙwabci zai leƙo ya ce, "Sannu da aiki," alhali Baƙo ne yake ta datse waya da bakinsa. Bayan rasuwar uwar Auta, akwai ranakun da in ban da ciniki, Baba bai yi wa kowa magana ba sai tsuntsun nan.

A rediyon Mai Kanari, maƙwabcinsa na dama, ya fara jin labarin dokar. Gwamnati ta hana sayar da namun daji da tsuntsayen daji a kasuwa. Wanda kuma yake ajiye da irinsu a gida, an ba shi wata uku ya kai su ofishin hukumar namun daji a yi musu rajista. Wanda ya ƙi, za a ƙwace, a ci shi tara. Kwana biyu bayan haka aka zo aka manna takardu a bangon layin, da hotunan dabbobin da abin ya shafa. A jeri na biyu Baba ya ga aku mai ruwan toka da jar wutsiya.

Layin ya yi ta kumfar baki. Baba bai sa baki ba, domin a ransa bai ga laifin dokar duka ba. Shekara arba'in yana ganin yadda ake sauke kaya daga mota da asuba. Ya sha ganin an buɗe kwali, 'yan tsakin aku ashirin a ciki, rabi sun mutu a hanya, a kwashe su a zuba a kwata. Bai taɓa cewa komai ba, amma bai manta ba.

Cikin wata biyu layin ya watse. Mai Kanari ya koma sayar da cajar waya a bakin titi. Mai kunkuru ya koma ƙauyensu. Wasu shagunan suka zama wurin ajiye buhunan gawayi, sauran aka sa musu kwaɗo. Layin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan tsuntsaye, yanzu in Baba ya ajiye guduma sai ya ji amsa-kuwwa. Masu kiwon tantabara da zomo ne kaɗai suke ɗan leƙowa, su ma jefi-jefi.

Wata rana da hantsi Mai Birai ya shigo. Shi ne mai babban shagon farkon layi, ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a, wanda kowa ya san ya rufe shago ne kawai, bai bar sana'ar ba. Ya zauna a kan benci, ya tsokani Baƙo da yatsa, sannan ya rage murya.

"Baba, aiki na kawo maka. Akwatuna nake so, na katako, masu ciki biyu. Sama a zuba kaya, ƙasa kuma a bar wuri kamar faɗin tafin hannu, da 'yan hujojin iska."

"Me za a sa a ƙasan?"

"Haba Baba, kai ma ka sani."

Baba ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. "A nan tsuntsu zai kwana biyu a mota?"

"Suna jurewa. Mafi yawansu."

"Ban iya ba," in ji Baba.

"Kai da ka iya komai?"

"Wannan dai ban iya ba."

Mai Birai ya yi dariya, ya tashi yana kakkaɓe riga. Ya ce ƙofarsa a buɗe take in Baba ya sake tunani.

Saura mako uku wa'adi ya cika, Baba ya sa rigarsa mai kyau, ya lulluɓe kejin Baƙo da tsohon zanen uwar Auta, ya shiga mota zuwa ofishin. Ya tarar da layi har waje. Ga wata mata da kunkuru a cikin baho, ga wani mai kwat da ɗawisu a hammata, wutsiyar tana share ƙasa, ga wani kuma da kwando a rufe wanda kowa ya ba shi fili, don an ce mesa ce a ciki. Mutumin da ke gaban Baba, wani mai ƙaramin biri a kafaɗa, ya juyo ya ba shi shawara kyauta.

"Tsoho, in sun tambaye ka, ce musu a gidanka aka ƙyanƙyashe shi. Iyayen sun mutu. Shi ke nan."

Sai bayan azahar layi ya zo kansa. Wadda ke zaune a teburin likitar dabbobi ce, yarinya sa'ar Auta, da tabarau da farar riga. Ta gaishe shi da ladabi, ta ɗaga zanen, ta daɗe tana duban tsuntsun.

"Baba, wannan ya samu kulawa. Dubi gashinsa. Shekararsa nawa a wurinka?"

"Goma sha bakwai."

Ta jawo fom. "A ina ka saye shi?"

Baba ya tuna shawarar mai biri. Maganar ta zo masa har baki, ta ƙi fita. "Ban saye shi ba, 'yata. Ajiya aka ba ni."

Ya ba ta labarin daga farko har ƙarshe. Ta ajiye biro tana saurare. Da ya gama sai ta cire tabarau ta murza idonta.

"Baba, irin wannan akun yana cikin waɗanda ba a ba da izininsu sai da shaidar inda suka fito. Ko rasit, ko zoben ƙafa, ko mutum ɗaya da zai zo ya sa hannu cewa ya san yadda ya zo hannunka. Ba ni na rubuta ba, amma ba ni da ikon tsallakewa. Ka samo min mutum ɗaya kawai."

Baba ya ɗauka abu ne mai sauƙi, sai da ya zauna lissafa mutane. Sa hannun Auta ba ya yi, an ce ban da dangi. Mai kunkuru ba a san ƙauyensu ba. 'Yan hayar gidansu babu wanda ya shekara biyu. Ya je wurin Mai Kanari a bakin titi, shi kuwa da ya ji an ambaci ofishin sai ya haɗa hannuwa yana roƙo.

"Baba, ka yi min rai. Sunana yana cikin littafinsu. In na shiga wurin nan ban san yadda zan fito ba."

Saura mutum ɗaya da ya san Baƙo tun zuwansa, wato Mai Birai, Baba ya je wurinsa. Mai Birai ya saurare shi da fara'a, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, gobe ma sai su je tare. Sannan ya ce, "To, akwatunan nan fa?" Baba ya yi masa sallama ya fito.

Ranar Lahadi Auta ta kira, kamar yadda ta saba. Da ta ji abin da ake ciki sai ta ɗaga murya.

"Baba, kai ma da neman wahala! Wa ya aike ka ofishinsu? Ka bar shi a ɗaki ka rufe. Wa zai shigo ɗakinka?"

"Babu kowa," in ji shi.

Ta ji yadda amsar ta fito. Can ta ce, "Ka dawo wurinmu mana, Baba. Ga ɗaki nan a banza."

"Zan duba."

Ya gwada shawararta. Ya bar Baƙo a ɗaki, ya rufe taga, ya tafi shago shi kaɗai. Ranar farko ya yi ta juyawa wajen ƙusar da ya saba rataye kejin a bakin ƙofar shago. Rana ta huɗu da ya dawo da yamma ya tarar da gashi a warwatse a ƙasan keji. Baƙo ya fige ƙirjinsa da bakinsa, fata a waje, gyaɗar safe tana nan bai taɓa ba. Baba ya zauna a bakin katifa bai ko cire takalmi ba. Tsuntsun da ya shekara goma sha bakwai yana kallon mutane suna wucewa, ba zai rayu a ɗaki mai duhu ba. Shi kuma ya san tarinsa na safe ba raguwa yake yi ba. In wata rana bai tashi ba, kwana nawa za a yi kafin wani ya buɗe ƙofar?

Washegari ya wanke kejin, ya zuba gyaɗa a leda, ya koma ofishin. Likita ta gan shi tun daga ƙofa, ta taso.

"An samu shaidar, Baba?"

"Ba a samu ba. Na kawo shi."

Ita da kanta ta raka shi gidan ajiyar dabbobin da ke bayan gari, a motar ofis. A hanya ya yi ta faɗa mata abubuwa. Ba ya shan ruwan da ya kwana. Yana tsoron laima. In ya sunkuyar da kai, so yake a sosa masa ƙeya. Tana rubutawa a bayan wata takarda, ba ta katse shi ba ko sau ɗaya.

Da suka isa aka karɓi Baƙo, aka ce zai yi wata guda shi kaɗai a duba lafiyarsa kafin a haɗa shi da 'yan'uwansa. Baba ya miƙa ledar gyaɗa, ya ninke zanen ya sa a hammata. Da zai fita sai idonsa ya faɗa kan babbar rumfar raga da aka tara aku kusan talatin a ciki. Ya tsaya. Ya matsa ya taɓa ragar.

"Wa ya yi muku wannan?"

"Ɗan kwangila," in ji Likita.

"Wannan wayar kaji ce. Aku zai datse ta cikin mako biyu. Ga tsini nan duk a ciki, zai yanke musu ƙafa. Sandunan nan kuma sun yi santsi, ba reshe ba ne."

Likita ta dube shi, ta dubi ragar. "Biyu sun riga sun fice. Baba, za ka iya gyara ta?"

Kwana goma sha biyu ya yi yana aikin. Mota biyu yake shiga kafin ya isa, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya sauya ragar duka, ya lanƙwashe kowane tsini ya koma waje, ya sa aka saro rassan itace masu ɓawo ya kafa su sama da ƙasa. Bai taɓa yin keji mai girman wannan ba, har tsani yake hawa. Da rana ma'aikatan sukan kira shi ya ci abinci tare da su a ƙarƙashin bishiya, suna ta hira da shewa. Ya manta rabon da ya sa hannu a kwano ɗaya da wani. Ranar da ya ɗaure waya ta ƙarshe, ya daɗe yana tattara kayan da ba su fi a tattara cikin minti biyar ba.

Da watan ya cika, yana nan ranar da aka saki Baƙo a cikin rumfar. Tsuntsun ya sauka ƙasa ya rakuɓe a lungu, sauran suna ta ihu a sama. Bai san tashi sosai ba. Da ya hango Baba sai ya tako da ƙafa har bakin raga, ya sunkuyar da kai. Baba ya zura yatsa ya sosa masa ƙeya.

An ba shi izinin zuwa duk ranar Asabar. Asabar ta farko da ta biyu, a ƙasa yake samunsa. Ta huɗu ya same shi a reshen tsakiya, gashin ƙirjinsa ya fara tsirowa. Bayan wata biyu sai da Baba ya yi ta dubawa kafin ya gane shi, yana can sama kusa da wani aku, suna gyara wa juna gashi. Ya kira shi. Baƙo ya karkato kai ya dube shi da ido ɗaya, ya daɗe, amma bai sauko ba. Baba ya tsaya har rana ta yi zafi.

"Haka ake so, Baba," in ji wani ma'aikaci mai shara. "Ya samu 'yan'uwa."

"Haka ne," in ji Baba. "Haka ake so."

Wata Asabar ya je ya tarar da rumfar cike da wasu tsuntsaye dabam. Likita ta fito da sauri. Ta ce ranar Laraba aka kwashe akun duka zuwa wani babban wuri a gefen daji, can nesa, inda za su samu fili da bishiyoyi. Ta kira wayarsa sau uku ba ta shiga ba. Baba ya ciro wayar daga aljihu ya duba, ashe ta mutu tun ranar Litinin bai lura ba, tun da ba ranar kiran Auta ba ce.

"Lafiya ƙalau ya tafi," in ji ta. "Ni na sa shi a mota da hannuna. Ka yafe ni, Baba."

"Ba ki yi min komai ba, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Auta ta zo da kanta bayan wata guda, ta kwana biyu tana lallashi. Ya ce ta bari ya gama ayyukan da ke hannunsa. Ta dubi shagon, ta ga babu wasu ayyuka. Ta wanke masa kaya, ta saya masa maganin tari, ta koma.

Yanzu Baba yana nan a shagonsa na ƙarshen layi. Yana yin ɗakin zomo, da ragar gasa nama, da abin kife kwanuka. Kwanan baya wata mata ta ɓata hanya tana neman masu gawayi, ta ga abin kife kwanuka a rataye, ta ce a yi mata babba.

"Ku nawa ne a gidan?"

"Mu goma sha ɗaya, Baba. Ga surukata, ga ƙannen maigida biyu da ba sa wanke ko cokali."

"Zauna mana, yanzu zan haɗa miki."

Ta zauna a benci ta ajiye jaka. Ba a tambaye ta ba ta shiga labari, na surukar da ke ɓoye sukari a ƙarƙashin filo, da 'yarta da ta ci jarrabawa, da famfon gidansu da ya shekara yana ɗiga. Baba yana lanƙwasa waya yana cewa "To," yana cewa "Ikon Allah." Aikin rabin awa ne a hannunsa. Ya auna wayar sau biyu, ya kwance wani gefe da babu abin da ya same shi ya sake ɗaurawa, ya ɗauko sanfefa ya bi kowane lungu a hankali. Matar ba ta lura ba, tana ta zuba. Sai da aka fara rufe shagunan bakin titi sannan ya miƙa mata, ya raka ta har bakin layi, ya nuna mata inda masu gawayi suke.